Gyaran Gidan Gado

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da fili a cikin jaridarka, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani al'amari wanda ba ya cikin manyan labarun duniya, amma ya kan hana magidanta da yawa barci, tun ba waɗanda suka gaji tsofaffin gidaje a cikin birni ba. Watau zancen gyaran gida, da irin kayan da ya kamata a gyara shi da su.

A zamanin iyayenmu wannan ba abin shawara ba ne. In damina ta ɗauke, kaka ta shigo, sai maigida ya zagaya ya duba inda ruwa ya ci, ya kira magini, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, shi ke nan sai baɗi. Yanzu kuwa kowa ka tambaya da irin tasa fatawa. Wannan ya ce a rushe duk a zuba bulo, wancan ya ce a bar bango a shafe shi da siminti, wani ya ce a kware soro a buga kwano. A nan Zariya maganar ta daɗa zafi tun ran Juma'a 11 ga watan Agusta, 2023, sa'ad da wani sashe na Babban Masallacin Juma'a ya rufta a kan masallata ana cikin sallar La'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Masallacin nan kuwa aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sai jama'a suka riƙa cewa, to, in aikin Babban Gwani ya faɗi, wane ginin ƙasa ne kuma za a kwana ƙarƙashinsa da kwanciyar rai? Da aka ji cikin Satumba, 2024, ruwa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, tsoron ya ƙaru. Ni dai ban ga laifin mai tsoro ba, gama in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Amma tsoro daban, sanin abin da ke rushe gini daban, shi ya sa na ke so in faɗi yadda muka yi da namu gidan, ko wani ya ƙaru.

Mu uku ne maza mahaifinmu ya bari, Allah ya gafarta masa, ban da 'yan'uwa mata waɗanda ke gidajen aurensu. Yayana yana kasuwanci a Kaduna, ƙanena yana aikin ofis a Abuja, ni kuwa malamin makaranta ne, ina zaune a gidan da iyalina da mahaifiyarmu. Gidan na tubali ne tun daga zaure har makewayi. Zauren yana da daurin guga, watau bakan gizo biyu sun gitta juna a sama, a nan mahaifinmu ya ke zama da almajiransa. Cikin shekarun 1980, lokacin da shafen siminti ya zama yayi, wani baffanmu, da kyakkyawar niyya, ya sa aka shafe katangar bakin lungu da fuskar zauren da filastar siminti, aka kuma kware ɗakuna biyu aka buga musu kwano. Sauran gidan, har da ɗakin Inna, an bar shi da rufin soro.

A cikin wannan Agusta ɗin na 2023, bayan kwana uku ana ruwa, filastar katangar lungu ta ɓalle gaba ɗaya ta zube, aka ga ƙasar bayanta ta jiƙe sharkaf, har yaro ma yana iya tura yatsa ciki. Ɗakin Inna kuma ya fara ɗiga a kusurwa ɗaya. Yayana ya zo, ya duba, ya ce mini, "Malam, ba za mu zauna sai an kira mu jana'iza ba. A kwashe Inna a kai ta wurina, a rushe gidan nan, mu haɗa kuɗi mu yi na zamani." Na ce masa, "Yaya, maganarka dutse, amma ka ba ni mako biyu in kawo wanda ya san ƙasa ya duba tukuna."

Wanda na kawo wani tsohon magini ne na unguwarmu, ya gaji sana'ar daga ubansa. Ba ya ɗauke da komi sai ɗan guntun icce da tsinken ƙarfe. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, ya ce mini, "Ɗana, saurara." Duk inda filastar siminti ta rage, sai ka ji tana amo kamar an bugi ƙwarya. Inda kuwa bangon ke nan da tsohon yaɓensa da makuba, bugun ya kan mutu nan take, ba amo. Da ya gama zagayawa ya ce, "Wannan da ba a taɓa ba shi ne lafiyayye. Wancan da aka saya wa riga shi ne mara lafiya, rigar ce kuwa ta sa masa ciwon."

A nan na ke so masu karatu su tsaya da ni, gama wannan shi ne gindin maganar duka. Bangon ƙasa ya kan sha danshi da damina, ta sama da ta ƙasa, domin ƙasa tana jan ruwa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Da rana ta fito, iska ta buga, sai ya fitar da abin da ya sha. In ya sha ya kan ɗan kumbura, in ya bushe ya kan ɗan tsuke. Siminti kuwa ba ya bin sa cikin wannan tafiya, gama da ya ƙulle ya ƙulle ke nan. Sabo da haka bayan damina biyu ko uku sai su rabu, kogo ya shiga tsakaninsu, filastar ta yi tsagu irin na siririn gashi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a nan ba ƙadangare ke shiga ba, ruwa ne, gara kuma tana biye. Ruwan da ya shiga ta tsagar nan ba shi da hanyar fita, tun da simintin ya tare iska da rana, sai ya zauna yana narkar da tubali sannu sannu. Mafi munin abin shi ne ɓoyewa. Bangon yaɓe in ya ci ruwa kowa na gani, maigida ya ji kunya ya gyara. Bangon da aka yi wa filasta kuwa yana nan sumul da fentinsa, mutane na jingina da shi suna hira, har ranar da zai zube. Waɗansu birkiloli su kan kafa ƙusoshi su ja ragar waya irin ta kejin kaji kafin su shafa, wai don filastar ta kama. Lalle ta kan ɗan daɗe ba ta faɗi ba, amma ƙusa tana tsatsa cikin danshi, danshin kuma yana nan inda ya ke.

Tsohon ya nuna mini cewa bangon ƙasa ta wuri biyu ya ke mutuwa, ta kai ko ta gindi, tsakiyarsa kuwa ba safai ta kan kawo wahala ba. Gindin bango shi ne ruwan indararo ke dukansa in ya faɗo ya fantsama, shi ne kuma ruwan lungu ke kwanciya a jikinsa. Lungunmu a da ƙasa ne, yana shan ruwa. Yanzu ko wane maƙwabci ya ɗaga ƙofarsa ya zuba kankare, ruwan bai sami inda zai nutse ba, sai ya taru gindin katangarmu. Ga kuma halin waɗansu mutane, waɗanda ba su wuce katanga sai sun tsuguna sun yi fitsari. Wannan ba ƙazanta kaɗai ba ce, gishirin da ke cikinsa yana shiga ƙasa, in ya bushe sai ya maishe ta gari, ka ga gindin bangon yana zubowa kamar an kankare. Dakalin da kakanninmu ke yi jikin zaure ba don zaman hira kaɗai ba ne, garkuwa ce ga gindin bango.

Daga nan muka hau rufi. Rufin soro, kamar yadda aka sani, a kan azara ya ke zaune, watau faskaren giginya, wadda gara ba ta iya ci in an sami mai kyau daga ɓangaren waje na itacen, inda ya ke da tauri. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida. Wannan ne ya sa maginan Hausa suka ƙago bakan gizo: su kan dasa azara cikin bango, su riƙa ɗaura wata a kan wata, ko wace tana ɗan leƙowa gaba, har na wannan gefe su sadu da na wancan, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Ta haka a ke raba ɗaki mai faɗi zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara ke iya haurawa. A kan azaran a shimfiɗa asabari ko zana, a zuba ƙasa, a daɓe, a ba ta gangara zuwa indararo.

Abin da muka tarar a kan ɗakin Inna ya isa a yi wa kowa gargaɗi da shi. Shekara da shekaru, duk sa'ad da rufin ya ɗiga sai a hau a ƙara ƙasa, ba a taɓa rage ta da ba. Da magini ya caka tsinkensa, kaurin ƙasar ya kusa ninka yadda ya kamata. Ƙasa kuwa in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa ya ke yi. Ɗaya daga cikin indararon kuma ya toshe da ciyawa da kashin tantabaru, ruwa ya riƙa kwanciya a kusurwar nan. Ya tone kan azaran inda suka shiga bango, gama can ne su kan fara ruɓewa, ba tsakiya inda ido ke gani daga cikin ɗaki ba. Ya caccake su ɗaya ɗaya. Huɗu suka nutse da tsinke kamar rogo dafaffe, sauran suka ƙi. Watau ɗakin da aka ce a rushe, azara huɗu ne ciwonsa, da ƙasar da ta yi yawa, da indararo guda.

To, sai aka zo ga shawara, a mayar da rufin ƙasa ne, ko a kware a buga kwano kamar ɗakunan nan biyu? Muka je muka gaya wa Inna. Ta ce, "Ku yi duk yadda kuka ga dama, amma kada ku kai ni ɗakin kwano in gasu da raina." Ba ta faɗi ƙarya ba. Duk wanda ya yi watan Afrilu a ƙasar nan ya san bambancin. Bangon tubali mai kaurin ƙafa biyu a gindi, da rufin ƙasa a samansa, zafin rana ya kan yi sa'o'i da yawa kafin ya ratsa shi, kafin nan rana ta faɗi. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumin yini ya ba ka da dare. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya ɗauka, ya zubo maka a kai. Mai ɗakin kwano da bulo mai inci shida ya dogara ne ga fanka, fanka kuwa ta dogara ga wutar lantarki, halin wutar lantarki kuwa ba sai na faɗa wa kowa ba. Tsohuwa mai hawan jini ba a gwada irin wannan a kanta. Amma kuma ba zan ɓoye ba, Zariya ba Agadas ba ce. Can inda ruwa ba shi da yawa, hasumiyar masallacinsu wadda aka sake ginawa a 1844 tana nan tsaye, tsawonta mita 27. Mu kuwa muna samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Rufin ƙasa tsirara a irin wannan gari yana son ido kullum.

Sabo da haka muka haɗa biyun, ko wane a matsayinsa. Aka sauke ƙasar da ta yi yawa, aka musanya azara huɗun, aka mayar da rufin soro marar nauyi, sa'an nan aka ɗora masa kwano a sama kamar malafa, da tazara tsakaninsu inda iska ke wucewa, da ɗan wurin da yaro zai iya shiga ya duba. Wannan dabara ba ni na ƙago ta ba, tana nan da yawa a Zariya da Kano. Sai dai waɗansu su kan yi rowar kwano, su yanke shi daidai bakin bango, duk ruwan rufi ya riƙa bin bangon yana sauka. Mu mun bar masa baki ya leƙo kamar ƙafa biyu ko wane gefe. Katakon an shafe shi da baƙin mai sabo da gara, an kuma ɗaure shi da waya mai kauri a jikin guntayen azara da aka binne cikin bango, domin hadarin farkon damina ba ya jin kunyar ƙusa. A kan kwanon kansa mun yi 'yar gardama. Na alminiyam ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 0.55 kuma ya fi mai 0.45 jimrewa, amma da tsada. Na ƙarfe mai arha shi ne baffanmu ya buga, ga shi nan ya yi ja ya huhhuje. Araha ba ta ado. Ƙanena ya ɗauki nauyin na alminiyam, Allah ya saka masa.

Kada wani ya zaci ni maƙiyin siminti ne. Akwai wuraren da ba abin da ya kai shi, watau duk inda ruwa ke zama ko wace rana. Makewayi, da wurin wanka, da wurin wanke-wanke, da lambatu, waɗannan gina su da ƙasa wahalar da kai ne. Katangar lungu ma, tun da ta riga ta narke, ga ruwan maƙwabta kullum a gindinta, rushe ta muka yi, aka haƙa harsashi aka zuba kankare, aka tayar da ita da bulo mai inci tara. Fuskar zauren kuwa aka ɓamɓare sauran filastar da ke jikinta, aka bar bangon ya sha iskar hunturu ya bushe, aka cike inda ya zaizaye da sabon tubali, aka yi dakalin dutse a gindinsa. Abin da na ke ƙi shi ne a shafa wannan a kan wancan.

Bulon ma sai an yi hattara. Masu buga shi da yawa su kan miƙe buhu ɗaya ya haifi bulo fiye da ƙima, yashi ya yi yawa, siminti ya zama kamar gishirin miya. Sa'an nan ba su ba shi ruwa yadda ya kamata. Mutane suna zaton siminti bushewa ya ke yi, alhali kuwa da ruwa ya ke ƙullewa, sai an yi ta yayyafa masa har mako guda ko fiye, masana kuma sai ya kwana 28 su ke auna cikakken ƙarfinsa. Bulon da aka buga jiya, aka shanya a rana, aka sayar yau, in ka karce shi da ƙusa sai ka ga yashi na zuba. Irin wannan, wallahi, tubali mai kyau ya fi shi nesa ba kusa ba. Mu yashi da siminti muka saya, aka buga a ƙofar gida muna gani, yara suka riƙa ba shi ruwa safe da yamma.

Muna cikin wannan aiki ne farashi ya tashi. A ƙarshen 2023 buhun siminti mai kilo 50 yana tsakanin naira 5,000 da 6,000. Kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Mu da katanga ɗaya da makewayi kaɗai mu ke yi, sai da muka ji a jikinmu. Wannan shi ne haɗarin da masu cewa a rushe duka ba su cika lissafawa ba. Rushewa kwana biyu ce, ginawa kuwa sai yadda aljihu ya yi. Ku zagaya bayan ko wane gari ku ƙirga kangayen da suka tsaya a linta, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Gidan gado kuma ba kamar fili ba ne, da mutane a ciki. Wanda ya gyara ɗaki ɗaki, in kuɗi ya yanke ya tsaya, yana da wurin kwana.

Wani ɗan abu kuma da ya kamata in ambata. Ɗakunan kwanon nan biyu suna da tsohon silin na asbestos, irin wanda aka yi yayinsa a da. Ƙurarsa tana cutar da huhu ƙwarai, har ta kan jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. In yana nan lafiya bai fashe ba, a bar shi. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum, kada a farfasa, kada kuma a bar yara su yi wasa da guntayensa.

Yanzu sai in ba Yayana gaskiyarsa, gama yana da ita. Ya ce mini, "Malam, kai kana lissafin kuɗin yau, ni ina lissafin wanda zai hau rufin nan bayan shekara ashirin." Ginin ƙasa kamar doki ya ke, ba sayensa ne wuya ba, kiwonsa. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, yana tsaye ne domin ko wace shekara gari duka ya kan fito rana ɗaya a yi masa yaɓe. Mu ma da muna da gayya, samarin unguwa su taru su tattake ƙasa, a dafa musu tuwo. Yanzu ko wane hannu sai da kuɗi. Ƙasar ma ba kyauta ba ce kuma. Kududdufan da a ke ɗibarta an cike su da shara an yi gine-gine a kai, sai ka sayi jar ƙasa a tifa daga bayan gari. Azara mai kyau ta yi wuya, gama giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, masu sara kuwa sun fi masu dasawa yawa. Makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, har yanzu ana samunta a ƙauyuka. Amma laso, simintin kakanninmu, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya bi marina da majema sun yi ƙaranci tare. Maginin namu ya haura saba'in, 'ya'yansa kuwa ɗaya direba ne, ɗaya yana gyaran waya. Sabo da haka wanda ya san ba shi da mai duba masa gida, ko shi kansa ba mazauni ba ne, ban ce ya riƙe ginin ƙasa don kunyar kakanni ba. Ya yi na bulo mai inci tara, ya ɗaga rufinsa, ya buɗe tagogi masu fuskantar juna.

Akwai kuma hanya ta uku wadda na duba, ko da ya ke aikinmu bai kai girman da za a ɗauko inji dominsa ba. Ana tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin ashirin ko ɗan fiye, a ɗan jiƙa, a matse a cikin inji, bulo ya fito mai kusurwa huɗu. A nan simintin yana cikin ƙasar ne ko'ina, ba riga aka sa mata ba, don haka ba abin da zai ɓalle. Injin hannu na wannan aiki an ƙago shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1950. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa 'yan'uwanmu, da irin wannan bulo aka gina sabon masallaci a 2018, bisa tsarin Mariam Kamara da abokiyar aikinta, tsohon masallacin ƙasa kuwa ba a rushe shi ba, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Duk mai shirin sabon gini daga tushe, ya kamata ya tambayi wannan kafin ya kai kuɗinsa gidan bulo.

Saura zaure, wanda har yau ba mu gama daidaitawa a kansa ba. Magini ya caka azaransa duka, ya same su lafiya. Yayana yana so a ɗora masa kwano kamar ɗakin Inna, don hankali ya kwanta. Ni kuwa na ƙi, domin in za a ɗora kwano sai an sare zankwaye da rawanin da ke bakin rufin, a kuma rufe ƙundun daurin gugan, zauren ya koma kamar shagon kasuwa. Irin waɗannan zaurukan sun kusa ƙarewa a unguwarmu. Abin takaici ne a ce yaron Zazzau sai ya tafi gidan tarihi na Jos kafin ya ga kwatancin masallacin Babban Gwani, wanda aka gina can bisa awon da Farfesa Dmochowski, mutumin ƙasar Foland, ya yi, shi ne kuma ya bar littafi mai juzu'i uku a kan ginin gargajiyar Nijeriya, aka buga a 1990 bayan rasuwarsa. Ina kawo ɗalibaina zaurenmu su ɗaga kai su ga yadda aka raba nauyi ba da rodi ba.

Aka sake daɓe rufin zauren, aka shafe shi da makuba, aka musanya indararonsa da masu tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Ya ci daminar 2024, wadda ta yi ruwa ƙwarai, bai ɗiga ba. Amma Yayana bai sakar mini haka kawai ba, sai da muka yi sharaɗi a gaban baffanninmu. Ni zan riƙa hawa in share indararo kafin ruwan fari da kuma tsakiyar Agusta, in sa a yi yaɓe ko wace kaka daga aljihuna, in kuma kawo magini ya caka kan azara duk shekara biyu. Ba wanda zai kwana a zauren daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. In na tsallake yaɓe shekara ɗaya ba da wani uzuri ba, za a sare zankwayen a buga kwano, ba ni da ta cewa. An rubuta wannan a takarda, mu uku mun sa hannu, takardar tana cikin adakar Inna.

Haza wasalam.

Naka mai karanta jaridarka kullum,
Malamin Makaranta,
Birnin Zariya.